Shirya gasar harbin gwaninta da ƙaramar bindigar iska

Harbin gwaninta da ƙaramar bindigar iska wasa ne da ɗan wasa ke ratsa wani fili da aka tsara, yana harbin alluna na kwali da na ƙarfe da bindigar hannu mai tura ƙwayar roba da iskar gas, a haɗa makinsa da lokacin da ya ɗauka a fitar da sakamako. Bindigar ita ce irin wadda ake kira eyasof. Wasan ya sha bamban da wasan yaƙi inda ƙungiyoyi ke harbin juna: a nan ba a nuna wa mutum bakin bindiga ko da wasa, kuma wanda ya yi hakan korarsa ake yi daga gasar. Ƙungiyar harbin gwaninta ta duniya, IPSC, tana gudanar da shi da sunan Action Air, a kan dokokin da ta gina wa bindigar hannu ta gaske, da gyare-gyaren da raunin ƙwayar roba ya tilasta.

Asali

Tushen wasan yana kudancin Kalifoniya ta Amurka, inda wajajen ƙarshen shekarun 1950 wasu maharba suka riƙa haɗuwa a yankin Big Bear Lake suna gasar saurin zaro bindiga daga kube. Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan kundumbala na ruwa, yana cikin waɗanda suka mayar da wannan ɗabi'a wasa mai doka. An yi gasar duniya ta farko a Zurich a 1975, sannan a watan Mayun 1976 aka kafa IPSC a wani taro a garin Columbia na jihar Misuri, Cooper ya zama shugabanta na farko. Taken ƙungiyar kalmomi uku ne na Latin da ake taƙaitawa da DVC, wato daidaiton saiti, ƙarfi da sauri.

Ita kuwa bindigar iskar daga Japan ta fito. Dokar mallakar bindiga da takobi ta 1958 ta kusan rufe wa farar hula ƙofar riƙe ƙaramar bindiga, sai masu ƙira suka koma yin kwaikwayonta da roba, kuma ana kyautata zaton a farkon shekarun 1970 ne nau'in mai harba ƙwaya ya bayyana. Abin da ya sa ta cancanci gasa shi ne zuwan nau'in da gas ke mayar da murfinsa na sama baya a kowane harbi, kamar yadda bindigar gaske ke yi, har ya kasance zaro ta, canja gidan harsashi da gyara ta in ta cije duk hannu ɗaya ne da na gasken. Samfurin Hi-Capa na kamfanin Tokyo Marui da ire-irensa su ne suka fi yawa a hannun 'yan gasa.

Wasan ya fi kafuwa a wuraren da doka ta tsananta: Hong Kong, Taiwan, Japan, sai Birtaniya bayan kisan da aka yi a makarantar Dunblane a 1996 ya jawo dokokin 1997 da suka haramta yawancin ƙananan bindigogi. Masu raina bindigar roba sun sha mamaki a 2004, lokacin da Tatsuya Sakai, ɗan Japan wanda akasarin atisayensa da bindigar iska ya yi, ya lashe gasar Steel Challenge a Amurka da bindigar gaske. IPSC ta karɓi Action Air cikin sassanta wajajen 2008, aka kuma yi gasar duniya ta farko ta wannan sashe a Hong Kong a 2018.

Doka da ƙarfin bindiga

Aikin mai shirya gasa na farko shi ne sanin iyakar da dokar ƙasar ta sa wa ƙarfin bindiga, wanda ake aunawa da jul. Ƙwaya mai nauyin giram 0.20 da ta fita da gudun mita 100 a daƙiƙa tana ɗauke da jul 1 cif. Iyakar Japan ta kusa jul 0.98, ta Hong Kong jul 2, a Birtaniya kuwa dokar 2017 ta sa jul 2.5 ga bindiga mai harba ɗaya-ɗaya da 1.3 ga mai ɓarin wuta. Ana tantance wannan da na'urar auna gudu, kuma a auna da irin ƙwaya da gas ɗin da ɗan wasa zai yi gasar da su, a cikin yanayin zafin wurin, domin bindigar da ta wuce gwaji da sanyin safiya tana iya haura iyaka da tsakar rana.

Wuri da kayan aiki

Ɗakin motsa jiki, sito ko babban zaure sun wadatar, kuma wannan ne babban alherin wasan, tunda ba ya buƙatar tudun ƙasa mai tare harsashi. Bayan kowane allo ana rataya tamfol, labule mai kauri ko raga mai ƙananan idanu, a bar shi sako-sako. Idan aka ɗaure shi tamau, ƙwaya za ta dawo kamar an buga ta a bango. Kowa da ke cikin wurin, har 'yan kallo da mai ɗaukar hoto, sai ya sa tabarau mai jure bugu, irin mai shaidar ANSI Z87.1 ko EN 166. Tabarau mai ragar ƙarfe bai dace ba, saboda ƙwayar da ta fashe a jikin faranti ɓarɓashinta na iya ratsa ragar. Sai tsintsiya: ƙwayoyin da suka watsu a daɓe mai santsi su ne suka fi kayar da mai gudu da bindiga a hannu, don haka ana share hanyar gudu a kai a kai, ba sai an tashi ba.

Allon kwali ƙaramin kwafi ne na allon IPSC, da sassa uku: A a tsakiya, C kewaye da shi, D a gefe. Dole kwalin ya zama siriri yadda ƙwaya za ta huda shi sarai. Kwali mai kauri ko wanda ya sha salatif har ya yi tauri yakan mayar da ƙwaya ya bar ɗan lotso kawai, daga nan gardama ta tashi, don haka ana tanadar alluna na canji ga kowane zango, wato fili guda da allunansa. Allunan ƙarfe masu faɗuwa kuwa ana daidaita su kafin a fara, da bindigar da ba ta cikin masu ƙarfi, a tabbatar suna faɗuwa in an same su a wurin da ya dace, amma iskar fanka ko girgizar daɓe ba ta kayar da su.

Lokaci shi ne wuyar aikin. Agogon bindigar gaske ƙarar harbi yake ji, ita kuwa bindigar iska ƙararta ba ta taka kara ta karya ba, agogon yakan rasa harbin ƙarshe ko ya ɗauki na zangon maƙwabta. Maganin da aka saba da shi shi ne farantin tsayawa, wani faranti mai na'urar jin bugu da aka haɗa da agogo, wanda ɗan wasa ke harba a ƙarshe ya tsayar da lokacinsa. Ana gwada shi kafin kowane rukunin 'yan wasa, a kuma ajiye batir da waya na canji kusa.

Tsara zango

Zango shi ne fili guda da allunansa. Gajere ba ya buƙatar fiye da harbi 12, matsakaici 24, dogo 32, kuma ana son a haɗa su gajeru uku, matsakaita biyu, dogo ɗaya. Ba a yarda a tsara wuri guda da za a iya cin fiye da harbi tara masu maki daga cikinsa ba, don a tilasta motsi. Ƙa'idar da ta fi kowace daraja a wurin masu tsarawa ita ce a gabatar da matsala a bar ɗan wasa ya warware ta da dabararsa: ba a gaya masa allon da zai fara da shi ko inda zai canja gidan harsashi. Da shinge, taga, ƙofa da layin iyaka na katako a ƙasa ake juya shi, sai fararen alluna na haram da ake ratayawa gaban masu maki don rage wurin saiti.

Kuskuren sabon mai tsarawa biyu ne. Na farko, ya sa allo a kusurwar da za ta ja bakin bindiga ya wuce digiri 90 daga tsakiyar bangon baya, wato ya haƙa wa ɗan wasa ramin kora. Ana gano wannan ta hanyar bin zangon da hannu a miƙe, sau ɗaya a matsayin mai dama, sau ɗaya a matsayin bahago, sannan a durƙusa a duba ko gajeren mutum zai hangi abin da dogo ke hange. Na biyu, ya kai alluna nesa. Ƙwayar milimita 6 mai nauyin giram 0.20 zuwa 0.30 tana rasa gudu da wuri, kuma ƙanƙantar da allo tana ba da wahalar da nisa zai bayar ba tare da an bar sakamako a hannun sa'a ba.

Kowane zango yana da rubutaccen bayani da ake karanta wa duk rukuni kalma da kalma: yawan alluna, mafi ƙarancin harbi, yadda ɗan wasa zai tsaya da halin da bindiga za ta kasance. Daga nan a ba su 'yan mintoci su zaga.

Azuzuwa

Ajin Open ya yarda da madubin saiti mai jan ɗigo, ana zuba ƙwaya har 28 a gidan harsashi. Standard saitin ƙarfe ne, ƙwaya 18, kuma bindigar sai ta shiga akwati mai milimita 225 da 150 da 45. Production na bindigogin da ba a yi musu gyara mai yawa ba ne, ƙwaya 15. Classic na samfurin ƙaramar bindigar Colt 1911 ne, ƙwaya 10. Tunda gidan harsashin bindigar iska yakan ɗauki fiye da haka, alƙali yana da damar ƙirgawa.

Maki

Ana ƙirga harbi biyu mafi kyau a kowane allon kwali: A maki 5, C maki 3, D maki 1. Ƙarfen da ya faɗi maki 5 ne. Kuskure, samun allon haram, ko saɓa ƙa'idar zango kamar harbi da ƙafa a wajen layi, kowanne yana cire maki 10. Sai a raba makin da daƙiƙoƙi. A zango mai kwali takwas da ƙarfe huɗu, jimillar maki 100 ke nan. Wanda ya sami 92 a daƙiƙa 16 ya fita da 5.75, wanda ya cinye 100 a daƙiƙa 20 ya fita da 5.00. Na farkon ya kwashe makin zangon duka, na biyun ya sami kusan 87. Amma da mai saurin ya kuskure harbi ɗaya na A, asararsa 15 ce, biyar na harbin da goma na tara, ya koma 77, wato 4.81, mai natsuwa ya wuce shi. Yawancin gasanni yanzu da manhajar PractiScore suke lissafi, duk da haka ana ajiye takardu saboda ranar da batir zai mutu.

Jami'ai da tafiyar rana

Daraktan gasa shi ke da rajista, jadawali da gina zanguna. Babban alƙalin fili shi ke da tsaro da fassarar doka, kuma a wannan fanni maganarsa ce a sama. Kowane zango yana da alƙali mai riƙe agogo wanda idonsa ke kan bindiga, da mai rubuta maki. Umarnin fili da Ingilishi ake ba da shi a ko'ina, a jere ɗaya da ba ya canjawa: a ɗura a shirya, tambayar ko an shirya, a saurara, ƙarar agogo bayan daƙiƙa ɗaya zuwa huɗu, sannan a sauke a nuna babu ƙwaya, a danna kunama, a mayar kube. Sai alƙali ya ce fili ya buɗe kafin kowa ya taka gaba.

Laifuffukan kora su ne juya bakin bindiga baya, nuna ta ga jikin kai, barin yatsa a kan kunama yayin tafiya ko canja gidan harsashi, yar da bindiga, harbin da ya kuɓuce, da taɓa bindiga ba da izini ba a wajen teburin tsaro, inda shi kuma ba a kai ƙwaya. Sassauta waɗannan don wai roba ce shi ke lalata ƙungiya da wuri.

Wajen jadawali, in aka ƙiyasta minti uku ga kowane mutum har da ƙirga maki da liƙe huji, rukunin mutum goma zai ci kusan minti 35 a zango har da karanta bayani da zagawa, zango shida kuma ya kai kusan awa uku da rabi. Gasannin IPSC hawa biyar ne, daga na ƙungiya zuwa na duniya, kuma daga hawa na uku sai hedikwata ta amince da zanen zangunan tun kafin ranar.

Matsalar gas

Gas ɗin da aka fi amfani da shi furofen ne haɗe da man silikon, wanda matsinsa ya kai kusan bar 8 a digiri 20 amma ya sauka ƙasa da 5 a sifiri. Harbi a jere yana sanyaya gidan harsashi, sai murfi ya yi nauyin dawowa, ko gas ɗin ya fece gaba ɗaya da farin hayaƙi. Zoben robar bawul da ya bushe kuma yakan yi yoyo. Lalacewar bindiga ba ta ba ɗan wasa damar maimaitawa, lalacewar kayan fili ce kaɗai ke bayarwa. Saboda haka a lokacin sanyi ana ɗumama zauren, a keɓe wurin zuba gas mai iska nesa da wuta, kuma a hana ɗora gidan harsashi a kan hita.

Saɓani

Ana jayayya kan ko wasan share fage ne ga bindigar gaske ko wasa ne mai zaman kansa, da kuma kan yawan gyaran da ya kamata a bari a ajin Production. Ƙungiyoyin da ba sa ƙarƙashin IPSC sukan yi nasu dokokin maki da azuzuwa.