Abincin Kare da Fitsarin Dare: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu kiwon karnuka suke maimaitawa, kusan da kalmomi iri ɗaya, duk lokacin da kare ya fara tashinsu da tsakar dare ko ya jiƙa ɗaki kafin gari ya waye. Na tattara su wuri guda domin in huta da amsa su ɗaya bayan ɗaya, kuma ina roƙon mai tambaya ya karanta har ƙarshe kafin ya sake aiko da wadda aka riga aka amsa.

Da gaske ne abinci yana sa kare yawan fitsari da dare?

Gaskiya ne, kuma ta hanyoyi uku yake yin haka: yawan gishirin da ke cikinsa, yawan ruwan da ke cikinsa, da lokacin da aka ba da shi. Idan an duba ukun nan ba a sami laifi ba, to a daina zargin abinci, a nemi dalilin a jikin karen.

Ruwa nawa ya kamata kare ya sha a rana?

Wannan ce tambayar da ya kamata kowa ya fara da ita, amma kusan babu mai yin ta, shi ya sa na sa ta a nan da kaina. Lafiyayyen kare yana shan kimanin mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa cikin awa 24, wato kare mai kilo 20 zai sha lita ɗaya ko ɗan fiye da haka. Idan shansa ya haura mililita 100 a kan kowane kilo, wanda ga wannan karen lita biyu ke nan, likitocin dabbobi suna ɗaukar hakan a matsayin ƙishirwar da ta wuce kima, kuma tana bukatar gwajin jini da na fitsari.

Aunawar ba ta da wuya. Da safe ka zuba ruwa a kwanonsa da ma'auni ka rubuta adadin, duk abin da ka ƙara cikin yini ka rubuta, washegari a daidai wannan lokaci ka auna abin da ya rage ka cire shi daga jimlar. Ka yi haka kwana uku a jere, kuma ka tabbata wata dabba ba ta sa baki a kwanon, shi ma ba ya sha a wani wuri. Mutum ya ce mini karensa "yana shan ruwa da yawa" bai gaya mini komai ba, amma idan ya kawo adadi a rubuce, rabin binciken ya ƙare.

Ina ba shi ragowar abincinmu da dare, akwai matsala?

Akwai. Abincin mutane ya fi ƙarfin kare a gishiri, gishiri kuma yana tayar da ƙishirwa, ruwan da ya sha da ƙarfe tara na dare kuwa dole ya nemi hanyar fita kafin asuba. Ban da haka, ragowar abinci yawanci maiƙo ne da kitse da fatar nama, kuma cin kitse mai yawa a zama ɗaya yana daga cikin sanannun abubuwan da ke kumbura fankiriyas, gaɓar da ke fitar da sinadaran narkar da abinci. Alamominsa amai ne da ciwon ciki da ƙin cin abinci, kuma yana iya kisa. Kada ka manta da albasa da tafarnuwar da ke cikin girkin, domin suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanyu ne ko dafaffu, har fitsarinsa ya koma ja ko ruwan ƙasa bayan 'yan kwanaki.

Zan iya ba shi madara kafin ya kwanta?

A'a. Yawancin karnuka idan sun girma cikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikin madara yadda ya kamata, sai iska da gudawa su biyo baya, ga kuma ƙarin ruwa a mafitsara.

Wanne ya fi sa fitsari, busasshen abinci ko na gwangwani?

Busasshen abinci yana da ruwa kimanin kashi 10 cikin 100, na gwangwani kuma kimanin kashi 75 zuwa 80. Karen da ke cin na gwangwani yana samun ruwansa a cikin abincin, don haka ba ya yawan zuwa kwano, mai cin busasshe kuma yana gamawa yake dira kan ruwa. A ƙarshen yini bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba, ko da yake mai cin jiƙaƙƙen abinci yakan fi samun ruwa a jimla, abin da ke da amfani ga karen da ya taɓa yin tsakuwa a mafitsara. Abin lura shi ne lokaci: duk wanda ka ba shi a makare, ruwan zai iso mafitsara a makare.

To, in ɗauke masa kwanon ruwa da dare mana, ba shi ke nan ba?

Wannan ce tambayar da ba zan amsa da kalma ɗaya ba, domin amsar ta dogara da karen da ake magana a kansa, kuma kuskure a nan yana da tsada.

Idan kare baligi ne, lafiyayye, an auna ruwan da yake sha an ga bai wuce ƙa'ida ba, kuma ya sha ya ƙoshi bayan abincin yamma, ɗauke kwanon awa ɗaya zuwa biyu kafin barci ba zai cutar da shi ba a mafi yawan lokuta, muddin za a mayar masa da shi da sassafe. Da yawa suna yin haka, musamman lokacin koya wa ɗan kwikwiyo tsafta. Amma sharuɗɗan da na jera ba ado ba ne, kuma wanda ya tsallake aunawa ya tafi kai tsaye ga ɗauke kwano yana caca da ran dabbarsa.

Dalilin shi ne mutane suna ɗauka cewa shan ruwa ne ke jawo fitsari a koyaushe, alhali a cututtuka da dama abin a juye yake. Ƙodar da ta fara lalacewa ba ta iya tace fitsari ta riƙe ruwa a jiki, sai ta riƙa sakin ruwa mai yawa ko kare ya sha ko bai sha ba, shi kuma yana sha ne don ya cike abin da ya zuba. Haka yake a ciwon suga, inda sukarin da ke fita ta fitsari yake jan ruwa tare da shi. Idan ka hana irin wannan kare ruwa, fitsarin ba zai tsaya ba, jikinsa ne zai bushe, kuma dare ɗaya yana iya isa ya jefa mai ciwon ƙoda cikin mummunan hali. Wannan hukunci ya shafi karen da jikinsa ke samar da kotisol, wato sinadarin da jiki ke saki a lokacin damuwa, fiye da kima, da karyar da ba a cire wa mahaifa ba wadda ta fara yawan sha makonni kaɗan bayan lokacin barbararta, domin hakan na iya zama alamar ruɓar mahaifa, kuma wannan aikin gaggawa ne. Ya shafi karen da ke shan magani irin su prednisolone ko furosemide, waɗanda yawan fitsari yana cikin aikinsu, da karya mai shayarwa, da wanda ke amai ko gudawa, da kowane kare a daren da ake tsananin zafi. Tsohon kare kuwa, ni ba na ba da shawarar a taɓa ruwansa sai likita ya ga sakamakon gwajinsa.

Ko ga lafiyayyen ma, ina ganin ɗauke kwano shi ne mataki na ƙarshe, saboda wasu karnuka da zarar sun gane cewa ruwa yana ɓacewa da dare sai su koyi kwankwaɗar duk abin da suka gani tun da yamma, a koma gidan jiya. Abin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne a matso da abincin yamma ya zama awa uku zuwa huɗu kafin barci, a daina ba da abin taunawa mai gishiri bayan faɗuwar rana, a mayar da guje-guje da wasa mai ƙarfi zuwa farkon yamma domin ƙishirwar da ke biyo bayansu ta wuce da wuri. Sannan a fitar da shi dab da kwanciya, a kuma ba shi lokaci. Namijin kare ba ya juye mafitsararsa a tsayuwa ɗaya, yana ɗiga kaɗan a nan, ya shinshina, ya ɗaga ƙafa a can, kuma mai gidan da ya ga ɗigon farko ya ja igiya ya koma ciki ya kwantar da kare da mafitsara kusan cike. A canza abu ɗaya a lokaci guda, a ba shi mako, domin idan aka canza huɗu tare ba za a san wanda ya yi aiki ba. Idan duk wannan bai yi ba, zai yiwu ɗauke kwanon ya taimaka, zai yiwu kuma alama ce cewa tun farko matsalar ba ta tsarin ciyarwa ba ce.

Ɗan kwikwiyona ɗan wata biyu ba ya kai safe, me ke damunsa?

Babu abin da ke damunsa, ka kwantar da hankalinka. Ƙiyasin da aka saba amfani da shi shi ne kwikwiyo yana riƙe fitsari kimanin awa ɗaya a kan kowane wata na shekarunsa, a ƙara ɗaya, wato ɗan wata biyu awa uku, ko da yake a cikin barci yakan ɗan zarce haka. Kai ne za ka tashi ka fitar da shi. Yakan kuma bukaci bayan gida cikin rabin awa da gama cin abinci, saboda cikar tumbi tana motsa hanji.

In na tarar ya yi, in dake shi ko in goga hancinsa a wurin?

Kada ka yi ko ɗaya. Ba zai haɗa dukan safe da fitsarin tsakar dare ba, abin da zai koya kawai shi ne ɓoyewa. Ka wanke wurin sosai har warin ya fita, domin wari ne ke mayar da shi.

Na canza masa abinci, sai ga gudawa da tashin dare. Abincin ne ba shi da kyau?

Wataƙila abincin lafiyarsa ƙalau, kai ne ka yi gaggawa. Ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji suna sabawa da abin da ake ba su, kuma sauyi na farat ɗaya yana hargitsa su. Ana yin sauyi cikin kimanin mako guda: kwana biyu na farko kashi ɗaya cikin huɗu na sabon a gauraya da tsohon, kwana biyu rabi da rabi, kwana biyu kashi uku cikin huɗu, sannan sabon zalla. Bayan gidan da ya dace yana fita a dunƙule, ana iya ɗauke shi ba tare da ya bar laka a ƙasa ba. Idan ya yi yawa da girma kuma yana fita sau da yawa, galibi abincin ba ya narkewa sosai ko kuma ana cika masa kwano fiye da bukatarsa. Gudawar da ta wuce kwana biyu, ko mai jini, ko wadda ta kama ɗan kwikwiyo, ba ta jiran ƙarshen mako.

Ba shi abinci sau ɗaya a rana bai isa ba?

Sau biyu ya fi ga baligi, sau uku zuwa huɗu ga ƙaramin kwikwiyo. Babban ci sau ɗaya yana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin kumburi da murɗewar tumbi a manyan karnuka masu zurfin ƙirji. Akwai kuma karen da ke yin amai rawaya mai kumfa da asuba saboda cikinsa ya daɗe babu komai, ruwan madaciya ya dame shi. Shi kam 'yar loma kaɗan marar gishiri kafin barci tana yi masa magani, kuma wannan bai saɓa wa abin da na faɗa game da matso da abincin yamma ba, domin loma daban, cikakken kwano daban.

Karyata tana jiƙa shimfiɗarta tana cikin barci, wane abinci zan canza mata?

Babu. Karen da ya tashi ya nemi ƙofa daban yake da wanda fitsari ke zubo masa bai sani ba. Na biyun ya fi yawa a karyar da aka cire wa mahaifa, musamman mai babban jiki, saboda tsokar da ke rufe bakin mafitsara ta yi rauni, kuma akwai maganin da likita ke rubutawa wanda yake aiki ga mafi yawansu. Idan kuma tana tsugunawa akai-akai tana fitar da ɗan kaɗan, tana yunƙuri, ko akwai jini, a fi zargin ciwon mafitsara ko tsakuwa. Namijin da ke yunƙuri fitsari bai fita ko kaɗan a kai shi asibitin dabbobi a daren, domin toshewa ce har sai an tabbatar da akasin haka.

Ya saci cakulan, yanzu yana ta fitsari da kai-komo, in jira safe?

Kada ka jira. Cakulan yana ɗauke da sinadarin tiyoburomin wanda jikin kare ke jinkirin fitarwa, yana sa ƙishirwa da yawan fitsari da saurin bugun zuciya, kuma baƙin cakulan ya fi haɗari. Inabi da busasshensa sun fi wannan ban tsoro, domin suna iya tsayar da ƙoda cikin kwana biyu ko uku, kuma a nan raguwar fitsari ce mummunar alama. Ka kira likitan dabbobi nan take, ka gaya masa nauyin karen, abin da ya ci, yawansa, da lokacin da ya ci, kuma ka tafi da ledar ko kwalin abin.