Waiwaye: Yadda aka gano rayuwar da ke saman kurmi

Shekaru aru-aru masana suna nazarin kurmi daga gindin bishiya, alhali yawancin rayuwar tana can sama. A kurmin wurare masu zafi da yawan ruwan sama, rassa kan haɗe su yi rumfa a tsayin mita 30 zuwa 45, hasken da ke isa ƙasa kuma bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba. Fure da 'ya'yan itace da sabon ganye duk a rumfar suke, don haka birrai da jemagu da tsuntsaye suka tare a can. Mai bincike kuwa sai dai ya sare bishiya ko ya tsinci abin da ya faɗo.

A 1929 tawagar Jami'ar Oxford ta gwada hawa a Guyana da igiyoyi da turakun ƙarfe, da ƙyar. Sai a 1978 masanin halittu Donald Perry ya bayyana dabarar da ya yi aiki da ita a Kosta Rika: a harba siririn zare da baka ya tsallake reshe, a ja igiyar hawa da shi, mutum ya haura da maƙalai irin na masu hawan dutse. Haɗarin shi ne daga ƙasa ba a gane reshen da ya ruɓe a ciki, ga tururuwa da zuma.

Abin da ya girgiza fagen ya zo a 1982. Masanin ƙwari Terry Erwin ya yi wa bishiyoyi 19 iri ɗaya feshin maganin ƙwari a Panama, ya tara abin da ya zubo, ya samu ƙwari dangin buzuzu kusan iri 1,200. Daga nan ya ƙiyasta cewa ire-iren ƙwari da danginsu a duniya za su kai miliyan 30. Ya zarce gona da iri, domin ya ɗauka ƙwari da yawa nau'in bishiya ɗaya tak suke ci. Ƙiyasin baya-bayan nan na ƙwari ya tsaya wajen miliyan 5.5. Feshin ma yana da naƙasu: da asuba ake yi kafin iska ta tashi, kuma ba ya fito da masu ɓuya a cikin ɓawo. Duk da haka aikin Erwin ne ya sa aka ɗaga kai.

Kayan aiki suka biyo baya. Masanin tsirrai Francis Hallé ya ɗora ragar zama a kan rumfa da balan-balan a 1986, a 1990 kuma aka kafa injin ɗaga kaya irin na ginin bene a wani daji na Panama. Tun kafin nan, masaniyar muhalli Nalini Nadkarni ta nuna a 1981 cewa ruɓaɓɓen ganye da gansakuka kan zama ƙasa a kan reshe, har bishiyar ta fitar da saiwa a can sama tana tsotsa. Wasu tsire-tsiren da ke zaune a kan rassa suna tara ruwa a tsakiyar ganyensu, 'ya'yan kwaɗi su girma a ciki.

Darasi mafi ɗaci ya fito daga kusa da Manaus a Brazil, inda tun 1979 ake bibiyar guntayen daji masu hekta 1 da 10 da 100 da aka bari a tsakiyar makiyaya. Iska mai zafi ta riƙa kashe manyan bishiyoyi, musamman cikin mita 100 daga bakin dajin, birrai masu cin 'ya'yan itace suka ɓace daga ƙananan guntaye. Dabbar da ba ta sauka ƙasa, hanya ɗaya da aka yanka a tsakiyar daji ta isa ta raba ta da abincinta, ko da bishiyoyin gefe biyu suna tsaye.