Kafin a Koma Ɗakin Bita: Magana da Makaɗa, Mabusa da 'Yan Amshi

Bayan da aka sassauta dokar kullen annobar korona a 2020, tambayar da shugabannin ƙungiyoyin kiɗa suka fi kawo mana, mu ma'aikatan lafiya, ita ce ko su koma bita ko su ƙara jira. Ban ga laifinsu ba. Kiɗa sana'ar taro ce, kuma taro korona ta fara hanawa. An dakatar da bukukuwa, an rufe wuraren ibada na wani lokaci, har hawan Sallah aka soke a Kano a 2020, abin da ya bar masu algaita da kakaki da tambari a zaune. Mai gidan da ke ciyar da yara goma da kalangu ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da zaman gida ya jawo. Ga hannu yana yin sanyi in an daɗe ba a taɓa ganga ba, 'yan amshi kuma suna mance inda ake karɓa.

Amsar da nake bayarwa ita ce a koma. Sai dai kafin a duba kayan kiɗa, a duba ɗakin da za a zauna, domin hatsarin yana cikin iskar da za a shaƙa tare.

Abin da ya faru a gundumar Skagit ta jihar Washington a Amurka ne ya buɗe wa duniya ido kan wannan. Ranar 10 ga Maris, 2020, kwana ɗaya kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, 'yan wata ƙungiyar mawaƙa su 61 suka taru a zauren wani coci don bita. Ba mutanen banza ba ne masu watsi da gargaɗi: sun shafa sinadarin tsaftace hannu, sun kuma guji musabaha da runguma. Mutum ɗaya ne a cikinsu yake jin alamun mura. Suka yi awa biyu da rabi suna rera waƙa, kujeru kusa da juna, suka ci ɗan abin taɓawa a lokacin hutu, kowa ya kama gabansa. Da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta fitar da rahoto, mutum 53 ne suka kamu, gwaji ya tabbatar da 33 daga ciki, uku suka kwanta a asibiti, biyu suka rasu. A cikin watan nan dai irin haka ya faru da wata ƙungiyar mawaƙa a Amsterdam da wata a Berlin.

Mutum ɗaya ba zai yi wa mutum 52 tari a fuska ba, ba kuma zai taɓa hannun kowa ba. Abin da ya faru shi ne, duk sanda mutum ya yi numfashi ko magana ko waƙa, yana fitar da ɗigon ruwa daga huhu da maƙogwaro. Manyan suna faɗuwa ƙasa nan kusa. Ƙananan, waɗanda ido ba ya gani, sai su yi ta yawo a iska na tsawon lokaci. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin da aka sa turaren wuta aka rufe ƙofa ya san yadda abin yake: kaskon yana lungu ɗaya, amma bayan ɗan lokaci ba kusurwar da ƙamshin bai kai ba, kuma ko an fitar da kaskon hayaƙin yana nan. Numfashin mai ɗauke da cutar haka yake cika ɗaki, illa shi ba ya da ƙamshi da zai faɗakar da kowa. Shi ya sa tazarar mita biyu da aka yi ta faɗa, duk da amfaninta, ba ta isa ita kaɗai a rufaffen wuri.

Masu bincike a Jami'ar Bristol ta Ingila sun auna wannan feshin a 2020, suka gano cewa waƙa ba ta fi magana fitar da shi sosai ba in ƙarfin muryar ɗaya ne. Ɗaga murya ne ke kawo bambanci: daga murya ƙasa-ƙasa zuwa ƙarshen ƙarfi, feshin yana ninkuwa sau 20 zuwa 30. To mu kuwa waƙarmu ba ta raɗa ba ce. Ɗan amshi yana gasa da ganguna huɗu, sanƙira yana kirari da iyakar maƙogwaronsa, mata masu zumunta a coci suna rera waƙa da dukkan ƙirjinsu, masu mandiri su kwana suna yabo. A wurin bita babu 'yan kallo da za a burge, saboda haka a sassauta. A rage ƙarar amsa-kuwwa da ta fiyano, makaɗa su sauƙaƙa hannu, sai muryoyi su sauka da kansu.

Wurin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sutudiyo. Wanda ya saba shiga ya san fasalinsa: ɗan ɗaki wanda bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba, an manne bango da soso ko kwalin ƙwai don kada sauti ya fita, an toshe taga, an sa ƙofa mai kauri har da roba a gefenta. Duk dabarar da aka yi don tsare sauti ita ce ke tsare iska. A ciki mawaƙi zai shiga ya yi baiti, ya fito yana gumi, 'yar amshi ta shiga nan take, ta sa abin kunnen da ya cire, ta kusanto da bakinta ga makirfon da ya gama hura wa. A ɗakin kwamfuta kuma abokai biyar sun cunkushe a kan benci suna jiran a sake musu su ji. In an ce akwai na'urar sanyaya ɗaki sai hankalin kowa ya kwanta, alhali irin wadda ake maƙalawa a bango iskar ɗakin take ja ta sanyaya ta mayar, ba ta shigo da sabuwa. Sanyin da ake ji ba alamar tsaftar iska ba ne.

Sutudiyo wurin ɗaukar murya ne, kada a mai da shi wurin bita. A gama koyon waƙa a waje, a shiga ɗaya bayan ɗaya, a bar ƙofa a buɗe tsakanin mai fita da mai shiga da fanka tana kaɗawa waje. Wanda ba shi da aiki a ciki ya jira a ƙofar gida.

Mu da Allah ya ba tsakar gida da inuwar darbejiya da filin makarantar firamare bayan an tashi, mun fi mutanen ƙasashen sanyi sauƙin wannan lamari. Bita a fili ita ce ta fi kowace aminci. In maƙwabta za su yi ƙorafi, a zaɓi lokaci tsakanin la'asar da magariba, a kuma sanar da mai unguwa. In dole sai ɗaki, a nemi mai tagogi a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, a buɗe su duka har da ƙofa. A ajiye fankar tsaye a bakin taga tana tura iska waje. Fankar sama juya iskar ɗaki kawai take yi in tagogi na rufe. Da hunturu za a so a rufe saboda ƙura da sanyi, da damina saboda sauro. A sa rigar sanyi, a sa raga a taga, amma kada a rufe. Wani abin kuma da ba na korona ba: in an buɗe tagogi, a matsar da janareta nesa da su, domin hayaƙinsa yana kisa cikin dare ɗaya.

Sai lokaci. Jami'o'in Colorado da Maryland a Amurka sun yi bincike na musamman saboda ƙungiyoyin badujala na makarantu, kuma shawarar da ta fito daga ciki ita ce a yi minti 30 a cikin ɗaki, kowa ya fita, a bar iska ta sauya kafin a dawo. Na san minti 30 a wurin makaɗi ko ɗaure ganga bai gama ba. A ɗaure a waje, a daidaita sauti a waje, a yi gardamar wa ya ɓata kiɗa a waje. A kuma raba ƙungiya: yau mawaƙi da 'yan amshi, gobe makaɗa, a haɗu duka sau ɗaya a fili. In cutar ta shigo, rabi ne za su zauna a gida, ba duka ba.

Mabusa su ne ba za su iya sa takunkumi suna aiki ba, don haka nasu ya fi buƙatar tsari. Jami'ar Minnesota ta gwada kayan busa na ƙungiyar makaɗan jihar, ta samu cewa ba duka suke daidai ba: a cikin waɗannan kayan busa na Turawa, turampet da obo da babban turambon sun fi fitar da feshi, tuba mai dogon bututu a nannaɗe ita ce mafi ƙaranci. Algaita 'yar uwar obo ce a yadda ake busa ta, ga shi mai algaita ba ya tsayawa; yana cika kumatu, yana jan iska ta hanci yana turawa ta baki ba yankewa. A ɗauke ta a matsayin mai fitar da feshi da yawa. Mabusa su tsaya a gefe, kusa da ƙofa ko taga, ta inda iska ke fita, kada bakin abin busarsu ya fuskanci kowa. Mai kakaki da mai turambon su sami ƙarin fili saboda tsawon kayansu. Ana ɗaure ƙyalle ninki biyu a bakin begila ko turampet ko algaita da roba. Yana rage feshin, sautin kuma ba ya canzawa yadda ake tsoro. Da an ajiye busa a mayar da takunkumi.

Ruwan da ke taruwa a cikin abin busa, wanda aka saba tsiyayarwa ko yarfewa a ƙasa, kowa ya zo da tsummansa ya zuba a kai, ya ƙulle a leda ya tafi da shi ya wanke. Kada a ari abin busar wani, ko da na maigida ne yana koya wa yaro. Bakin ƙarfe na begila da kakaki a wanke shi da ruwa da sabulu bayan kowace bita. Ɗan karan da mai algaita ke sawa a baki kuwa na mutum ɗaya ne, ba a ba da aronsa.

Masu kalangu, ganga, kotso, gurmi, goge, jita da fiyano, kayanku ba sa fitar da komai, bakinku ne ke fitarwa, don haka babu dalilin cire takunkumi. Ba sai an jiƙa fatar ganga da sinadari an lalata ta ba. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin a fara da bayan an gama ya wadatar. Mawaƙa ma za su iya bita da takunkumi, musamman irin na asibiti, in ya jiƙe a canza. Makirfo in ba za a samu na kowa ba, kowa ya sayi soson da ake rufe kansa da shi ya riƙa zuwa da abinsa, a kashe na'ura a goge kan da audugar da aka ɗiga wa sifirit, ba a fesa masa kai tsaye.

Lokacin hutu ne ake warware duk abin da aka ƙulla. An yi awa guda da tazara, sai a taru a kan tire ɗaya, moɗa ɗaya tana zagayawa, ana raha fuska da fuska. A ci a waje, kowa da ruwansa. Haka motar da ake cika ta da mutane da ganguna in za a je wasa: a sauke gilasai.

Yanzu ga abin da na fi so shugabannin ƙungiya su ji. A Skagit mutumin da ya kawo cutar yana jin alamu, amma ya zo. A wurinmu dalilin da zai sa yaro ya zo da zazzaɓi a bayyane yake: wanda bai zo bita ba ba za a tafi da shi biki ba, wanda bai je biki ba ba shi da kaso. Muddin haka tsarin yake, duk wa'azin da za mu yi a banza ne, yaro zai sha farasitamol ya ce gajiya ce. Maigida, kai ne za ka gyara wannan. Ka faɗa a gaban kowa cewa wanda ya zauna a gida saboda tari, zazzaɓi, ciwon maƙogwaro ko daina jin ƙamshi da ɗanɗano, kasonsa yana nan, gurbinsa yana nan. Ware wa mutum ɗaya rabonsa na sati biyu ya fi arha a kan a rufe ƙungiya duka a tsakiyar kakar biki. Kai ma in kai ne ba ka jin daɗi, ka ba na hannun damanka ya ja bitar.

Tantance masu alamu ba ya kama kowa, domin mutum yana iya yaɗa cutar kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji komai, wani ma ba zai taɓa jin komai ba. Nan ne rigakafi ke shigowa. Kashin farko na allurar, kusan miliyan 4, ya sauka a Abuja ranar 2 ga Maris, 2021, kuma kyauta aka riƙa yi a asibitocin shan magani. Babban aikinta shi ne hana cutar kai mutum ga gadon asibiti ko kabari, sai an cika allurai kuma an ƙara sati biyu kariyar ke kankama. A fara da dattawan ƙungiya da masu hawan jini, ciwon sukari ko asma. Manu Dibango, shahararren mabushin saksofon na Kamaru, korona ce ta yi ajalinsa a Faransa ranar 24 ga Maris, 2020, yana da shekara 86. Sarkin kiɗan da ya manyanta, wanda waƙoƙin gidan sarauta duka suke kansa, a ba shi kujera a inda iska ta fi kaɗawa, nesa da mabusa.

A ajiye ɗan littafi a rubuta sunan duk wanda ya zo kowace bita. In wani ya kwanta bayan kwana biyu, ya sanar da maigida nan take, ba abin kunya ba ne. A kira lambar kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, 6232, ko a je cibiyar lafiya mafi kusa a yi gwaji; 'yan uwa na Nijar, Gana da Kamaru su nemi ma'aikatan lafiyar unguwarsu. A lokacin annobar, ƙa'idar ita ce in gwaji ya tabbatar, waɗanda suka zauna tare da shi su keɓe kansu kwana 14, a dakatar da bitar rukuninsu. Shi kuma, a ƙa'idar wancan lokacin, sai ya cika aƙalla kwana 10 daga ranar da alamu suka fara, ya ƙara kwana 3 ba zazzaɓi ba tari, kafin ya dawo. Mabushi ko mawaƙin da ya warke amma numfashinsa bai dawo daidai ba kada ya tilasta wa ƙirjinsa. Ya fara da minti kaɗan yana ƙarawa, in ya ji ciwon ƙirji ko haki ya ƙi tafiya, ya koma a duba shi.