Ma'anar "kai tsaye": hanya ake nufi ko lokaci?

A baje kolin kayan aikin talabijin na FOMEX, wanda ake yi a Riyad tare da taron kafafen yaɗa labarai na Saudiyya, kalmar Larabci ɗaya na yini ina cin karo da ita daga rumfa zuwa rumfa: mubashir. Da Hausa, kai tsaye. Mai tallan kyamara ita ce a bakinsa, mai tallan jakar goyon nan da ake cusa wa layukan waya don aika hoto ita ce a allonsa. Da yamma na fito na buɗe waya, sai ga ta can ma, an maƙala ta da jan rubutu a kusurwar wani bidiyon ɗawafi da ake ta turawa a zaurukan WhatsApp na mutanenmu. Kallo ɗaya na yi masa na ga gadar ɗawafin nan ta wucin gadi da aka kewaye Ka'aba da ita lokacin aikin faɗaɗa masallaci. Tun 2016 aka kwance ta. Amma ga jama'a suna ta addu'a a ƙasan bidiyon, suna zaton abin da ke faruwa kenan a wannan sa'ar.

Kowa ya san abin da mai gabatarwa yake nufi idan ya ce ana kawo wasan ƙwallo kai tsaye, ba sai na tsaya a nan ba. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar tana da tsohuwar ma'ana da ta girmi rediyo da talabijin, kuma tsohuwar ma'anar ba ta da ruwa da agogo. Uwa ta ce wa ɗanta in an tashi makaranta ya wuce gida kai tsaye: kada ya ratse, kada ya biya ko'ina, ya miƙe kansa a tsaye ba waige. Jirgin da ya tashi daga Kano ya sauka Jidda ba tare da yada zango ba, kai tsaye ya zo. Wanda ya je ya faɗa wa mai gida magana da bakinsa, bai aiki ɗan aike ba, kai tsaye ya faɗa masa. Duk wannan zancen hanya ne. Da gidajen rediyo suka buƙaci sunan shirin da ake jinsa a daidai lokacin da ake yinsa, sai suka ari wannan kalma suka ɗora mata kayan lokaci. Larabawa ma haka suka yi da tasu, domin jirgin da ba ya tsayawa a hanya shi ma mubashir suke ce masa. Sai aka wayi gari ma'ana biyu suna sanye da riga ɗaya, kuma duk wanda yake son ya yaudari mai kallo ba tare da an kama shi da ƙarya ba, a cikin rigar nan yake ɓuya.

Ga yadda abin ya taɓa faruwa da ni. Wata shekara a Mina na ɗauki wa wata tasha ta gida rahoto bayan la'asar. Rana na dukan tantuna, wakilin yana tsaye gumi na zuba, yana cewa yanzu haka zafi ya tsananta, ana ta kai wasu alhazai wurin likitoci. Gaskiya ya faɗa a lokacin da ya faɗe ta. Na tace hoton, na aika. Ba a sa shi ba sai a labaran ƙarfe takwas na dare agogon Najeriya, wato goma na dare a nan, tunda Saudiyya tana gaba da awa biyu. A kusurwar allo an rubuta kai tsaye daga Mina. Ba a jima ba gwaggona ta kira ni daga Kano, muryarta na rawa, domin mijinta yana cikin alhazan wannan shekarar kuma wayarsa ba ta shiga. Ta ce, "Ɗana, gaya mini gaskiya, me ke faruwa a can yanzu?" Na ce, "Gwaggo, ki kwantar da hankalinki, dare ne a nan, iska ta yi sanyi, mutane suna cin abinci. Hoton da kika gani na ɗazu ne, ni na ɗauke shi." Ta yi shiru, sannan ta ce to me ya sa suka ce yanzu ne?

Washegari na yi wa editan tashar magana. Amsar da ya ba ni ita ce ta sa nake wannan rubutu. Ya ce ai bai yi ƙarya ba, daga Mina rahoton ya zo musu kai tsaye, bai biya ta hannun wani kamfanin dillancin labarai ba. Ka ga ya koma tsohuwar ma'anar ya fake, alhali ya san sarai tsohuwar da ke zaune gaban talabijin sabuwar ma'anar ta karanta. Irin wannan ne 'yan siyasa ma suke yi idan aka ce mai girma zai yi wa jama'a jawabi kai tsaye, sai a sa faifan da aka naɗa tun safe, aka yanke inda ya yi tuntuɓen harshe, aka gyara murya. Da mutane yake magana ba shamaki, haka ne, amma ba yanzu yake yi ba.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, waɗanda suke cewa tunda kowane hoto yana makara a hanya, to babu wani abu mai suna kai tsaye. Makarar gaskiya ce. Taurarin ɗan Adam irin na Arabsat, mai hedikwata a nan Riyad, suna zaune ne kilomita 35,786 a saman duniya, kuma kafin hoto ya hau ya sauko sai ya ci kusan rubu'in sakan, ban da lokacin da na'urori suke ɗauka suna matse shi suna warware shi. Ta intanet abin ya fi haka nisa. Tsarin da yawancin manhajoji suke bi shi ne a yanka bidiyon gunduwa-gunduwa, kowace ta 'yan sakanni, wayarka ta tara biyu ko uku kafin ta fara nuna maka, don kada hoton ya riƙa tsayawa. Shi ya sa makarar sakan 20 ko 30 ba abin mamaki ba ne. Wanda ya taɓa kwana a unguwar Misfala ta Makka cikin azumi ya san wannan da kunnensa: kiran sallar magariba zai shigo ta taga daga lasifikokin Harami, sai na talabijin ya biyo baya, har an kai dabino baki kafin na waya ya ce Allahu Akbar. Rabin rumfunan baje kolin a kan waɗannan sakannin suke gasa. Na daɗe tsaye a wata inda aka kafa allo biyu gefe da gefe, aka sa kyamara tana kallon agogo, kowa na ƙirga tazarar da idonsa. Amma wannan makarar hanya ce, ba hannun mutum ba ne. Ko sakannin da wasu tashoshi suke jinkirtawa da gangan a shirin kiran waya, don su yanke zagi kafin ya fita, a wurina ba su fitar da shirin daga kai tsaye ba.

Wani abin da ya kamata masu sana'armu su sani shi ne a irin wannan baje koli aka haifi matsalar. A farkon zamanin talabijin yawancin shirye-shiryen ɗakin watsawa a take ake yinsu a take ake ganinsu. A watan Afrilun 1956, a taron masu gidajen rediyo da talabijin na Amurka a Chicago, kamfanin Ampex ya nuna na'urar naɗar hoto a kan tef, wadda take maido da abin da ta ɗauka har mai kallo ya kasa bambancewa. Daga ranar ya zama dole tasha ta gaya wa mutane wanne ne na yanzu, wanne ne na ɗazu, domin ido ba zai iya ganewa da kansa ba. Jan rubutun nan na kusurwa alkawari ne aka ɗaukar wa mai kallo.

Ma'aunin da nake amfani da shi a wurin aiki guda ɗaya ne. Idan aka kira wakilin daga ɗakin watsawa aka jefa masa tambayar da bai shirya mata ba, zai iya amsawa mai kallo na gani? Idan hadari ya taso a bayansa, mu da shi za mu gan shi tare? In eh ne, kai tsaye ne, ko da ya makara sakan 30. In a'a ne, muna da kalmominsa, kuma ba abin kunya ba ne a yi amfani da su: naɗaɗɗen rahoto, maimaici, an ɗauka ɗazu. Tashoshin Larabawa suna rubuta musajjal (naɗaɗɗe) ko i'ada (maimaici), babu wanda ya raina su don haka. Tun bayan kiran gwaggona, duk rahoton da zan aika gida daga Mina ko Arafa sai na buga sa'ar da aka ɗauke shi a jikin hoton, da agogon Makka da na Najeriya, a wurin da ba za a iya yanke ta ba sai an yanke kafaɗar wakilin.