Kula da tsofaffi a Najeriya

Kula da tsofaffi a Najeriya ya ƙunshi ciyarwa, matsuguni, jinya da tallafin kuɗi da ake ba wa waɗanda shekaru suka ja. A manufofin gwamnati ana ɗaukar mai shekara 60 zuwa sama a matsayin dattijo, kuma su ne kimanin kashi 5 cikin 100 na al'ummar ƙasar. Har yau iyali ne ke ɗauke da mafi yawan wannan nauyi. Hukuma ta shigo cikin lamarin a makare.

Tsarin gargajiya

A ƙasar Hausa tsarin gandu ne ya daɗe yana riƙe tsofaffi. Maigida da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Idan ƙarfin uba ya ƙare, babban ɗa ya karɓi ragamar aiki, uban ya koma ba da shawara da sasanta rigima. Tsohuwar da mijinta ya rasu kan koma gidan ɗanta, a ware mata ɗaki, surukai su riƙa aika mata tuwo, jikoki su yi mata aike suna wasan kaka da jika. Musulunci ya ƙarfafa wannan, domin a Suratul Isra'i an haɗa kyautata wa iyaye da bauta wa Allah, an hana ko da yi musu tsaki idan sun tsufa. Wanda ba shi da kowa kuma, zakka da sadakar maƙwabta da kulawar mai unguwa su ne madogararsa. Shi ya sa ake ganin kai mahaifi gidan gajiyayyu abin kunya ne.

Gandu ya fara raguwa tun zamanin Turawa, lokacin da haraji da noman gyaɗa da auduga suka sa kuɗi ya shiga hannun matasa. Rarraba gonaki wajen gado da tafiya cirani sun ƙara sassauta shi. Inda ya watse, tsofaffin da ba su da mai tallafa musu sukan faɗa bara.

Fansho

Dokar fansho ta farko ita ce ta 1951, wadda Turawan mulkin mallaka suka yi wa ma'aikatan gwamnati. A 1961 aka kafa asusun ajiya na ma'aikatan kamfanoni. Tsohon tsarin ya yi ƙaurin suna wajen bashi da dogon layin tantancewa. A 2004 aka koma tsarin karo-karo ƙarƙashin hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, aka sake gyara dokar a 2014, inda ma'aikaci ke ba da kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10. An yi badaƙalar kuɗin fansho da ta kai ga ɗaure Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, a 2021. Manoma da makiyaya da 'yan kasuwa, waɗanda su ne mafi rinjaye, ba su cikin wannan tsari, sai ƙaramin fanshon masu sana'a da aka ƙaddamar a 2019.

Fafutukar neman gyara

Sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci kula da tsofaffi da fansho cikin manufofin ƙasa, sai dai yana cikin babin da ba a iya kai gwamnati kotu a kansa. Wannan giɓi ne masu fafutuka suka fi kafa hujja da shi. Sun kuma jingina da shirin Majalisar Ɗinkin Duniya kan tsufa da aka amince da shi a Madrid a 2002, da yarjejeniyar Tarayyar Afirka kan haƙƙin tsofaffi da aka amince da ita a 2016. Ƙungiyoyin 'yan fansho, likitoci da gamayyar ƙungiyoyin kare haƙƙin tsofaffi ta COSROPIN sukan yi amfani da ranar 1 ga Oktoba, ranar tsofaffi ta duniya, wajen matsa lamba.

Jihohi ne suka riga tarayya motsi. A 2011 Ekiti, ƙarƙashin Kayode Fayemi, ta fara biyan naira 5,000 duk wata ga mabuƙata masu shekara 65 zuwa sama, Osun ta biyo baya. Irin waɗannan shirye-shirye kan tsaya cik idan gwamnati ta sauya.

A farkon 2018 shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, amma sai a 2021 ta fara aiki, da Dakta Emem Omokaro a matsayin shugabarta ta farko. A 2021 ɗin ne kuma majalisar zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. An sha gabatar da ƙudurin haƙƙin tsofaffi a majalisar dokoki.

Lafiya

Cibiyar jinyar tsofaffi ta farko ita ce wadda aka sa wa sunan ɗan siyasa Tony Anenih a asibitin koyarwa na Ibadan, wadda aka buɗe a 2012. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da asusu na musamman zai biya wa magani. Ƙwararrun likitocin tsufa kaɗan ne. Mai cutar mantuwa sau da yawa akan ce ruɗewar tsufa ce kawai, a wasu yankuna ma a zarge shi da maita.

Gidajen tsofaffi

Ba su da yawa, akasarinsu na coci ne ko na 'yan kasuwa a biranen kudu.