Yaƙin Bama (1942–1945)

Yaƙin Bama shi ne gwabzawar da aka yi tsakanin dakarun daular Birtaniya da na Japan a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Miyanma, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin Sin da na Amurka ma sun fafata a arewacin ƙasar. Burin Japan da farko shi ne ta datse hanyar da ake bi ta Bama ana kai wa Sin makamai.

A watan Janairun 1942 rundunar Japan ƙarƙashin Janar Iida ta kutso daga Tailan, ranar 8 ga Maris kuma ta kama Rangun, babban birnin Bama a lokacin. Daga nan sojojin Birtaniya suka yi ta ja da baya, tafiyar kusan mil 900, har suka faɗa Indiya a watan Mayu damina na dukansu. Yunƙurin da suka yi a yankin Arakan a ƙarshen shekarar ma bai yi armashi ba.

Shugabannin yaƙin

Janar William Slim yana cikin waɗanda suka sha wannan kashi. A 1943 aka damƙa masa Runduna ta 14, ƙarƙashin Louis Mountbatten, babban kwamandan ƙawance na Kudu maso Gabashin Asiya. Akasarin mayaƙanta Indiyawa ne da Gurkawan ƙasar Nepal da 'yan Afirka, Turawa ne 'yan tsiraru. Slim ya gane cewa sauro ya fi harsashi yi masa ɓarna: a lissafinsa, a 1943 duk soja ɗaya da aka kwashe saboda rauni, an kwashe 120 saboda ciwo. Sai ya tilasta shan maganin zazzaɓin cizon sauro, har ya tuɓe kwamandojin da suka yi sakaci da hakan. Ya kuma sauya dabara. A da, Japanawa na zagayowa ta cikin kurmi su tare hanya ta baya, sai kowa ya ranta a na kare. Yanzu umarni shi ne a tsaya a daddage, jiragen sama su jefo abinci da harsasai.

Abokin karawarsa, Janar Mutaguchi Renya, ya raina duk wannan. A watan Maris na 1944 ya tura dakaru kimanin 85,000 su tsallaka kogin Chindwin su shiga Indiya da guzurin makonni kaɗan, da garken shanu a bayansu, yana ganin za su ci daga rumbunan Turawa a garin Imphal na Indiya. Rumbunan ba su faɗo hannunsa ba. A Kohima, wani gari da ke arewa da Imphal, daga 4 ga Afrilu zuwa 22 ga Yuni, an kai ga ramukan ɓangarorin biyu suna fuskantar juna a gefe da gefen filin wasan tanis na gidan jami'in mulkin lardin, ana jifar juna da gurneti. Da yunwa ta yi yunwa, Janar Sato, kwamandan Japan a Kohima, ya bijire wa umarni ya janye sojojinsa, abin da ba a saba gani ba a sojan Japan. Mutaguchi ya tuɓe kwamandojin rundunoninsa uku duka, amma hakan bai ciyar da kowa ba. Fiye da 50,000 suka mutu ko suka jikkata, da yawansu yunwa da atuni ne suka kashe su a hanyar komawa.

A ɓangaren Birtaniya akwai kuma Orde Wingate, mai dakarun musamman na Chindit da ake saukewa can bayan abokan gaba. Ya mutu a haɗarin jirgin sama ranar 24 ga Maris, 1944, kuma har yau masana na gardama ko ribar hare-harensa ta kai rayukan da suka ci.

Sojojin Afirka ta Yamma

Runduna ta 81 da ta 82 daga Nijeriya da Gwalkwas, wato Gana, da Saliyo da Gambiya aka haɗo su, kuma Hausa na daga cikin harsunan bariki a bataliyoyin Nijeriya. Ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan, inda da ƙyar mota ke shiga: daga sama ake jefo kaya, 'yan dako su ɗauka a ka su hau duwatsu da su. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka kama Myohaung. Bataliyoyin Nijeriya uku kuma sun yi aiki cikin Chindit. Daga wannan yaƙi ne barikin Chindit na Zariya, da Dalet da Kalapanzin na Kaduna, da Burma Camp na Akara suka samo sunayensu.

Ƙarshen yaƙin

A farkon 1945 Slim ya yaudari sabon kwamandan Japan, Janar Kimura. Ya nuna kamar Mandalay kaɗai ya nufa, alhali ya sulale da wata runduna ta kudu ta haye kogin Irrawaddy ta kama Meiktila, cibiyar kayan yaƙin Japan, a farkon Maris. Mandalay ta faɗi ranar 20 ga watan, mako guda bayan haka sojojin Aung San, jagoran masu neman 'yancin Bama, suka juya wa Japan baya, dakarun Birtaniya kuma suka shiga Rangun ranar 3 ga Mayu. An rataye Kimura a 1948 bisa laifukan yaƙi. Slim kuwa ya zama babban hafsan sojan Birtaniya, daga baya Gwamna Janar na Ostireliya daga 1953 zuwa 1960.