Jiragen Sa Ido da Jagorancin Farmaki

Jirgin sa ido ƙaramin jirgin soja ne wanda babban aikinsa gani ne, ba ruwan bama-bamai ba. Yana shawagi sannu a hankali bisa fagen daga, ya gano maɓoyar abokan gaba, ya sanar da dakarun ƙasa ko maharban igwa. Idan kuma matuƙinsa ne ke nuna wa jiragen yaƙi inda za su sauke wuta, shi ake kira jagoran farmaki.

Asali

Faransawa ne suka fara leƙen fagen fama daga sama, da balan-balan, a yaƙin Fleurus na 1794. Jirgin sama kuwa ya fara wannan aiki a nan Afirka: ranar 23 ga Oktoba 1911, Kyaftin Carlo Piazza na Italiya ya tashi a kusa da Tarabulus ta Libiya don duba sansanin Turkawa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya matuƙa suka riƙa aika wa maharban igwa saƙo cewa harsashi ya gota ko bai kai ba.

Kano na da alaƙa da wannan tarihi da ba kowa ya sani ba. A watan Nuwamba 1925 jirage uku samfurin DH.9A na sojan saman Ingila suka sauka a birnin daga Masar, ƙarƙashin Arthur Coningham. Shi wannan hafsa ne daga baya ya jagoranci rundunar sama a hamadar Arewacin Afirka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya yi suna wajen haɗa kan sojan sama da na ƙasa su yi aiki da baki ɗaya.

Yadda ake aikin

Jirgin yaƙi mai tsananin gudu kan ratsa ƙauye cikin ƙiftawar ido. Matuƙinsa ba zai iya bambance manomi da ɗan bindiga ba. Nan amfanin ƙaramin jirgi yake. A yaƙin Koriya, daga 1950, Amurka ta yi amfani da ƙaramin jirgi samfurin T-6, wanda aka laƙaba wa suna Sauro. A Biyetnam kuma Cessna O-1 ce ta yi fice, mai inji ɗaya da kujera biyu, tana tafiya ƙasa da kilomita 200 a awa. Matuƙinta yakan yi ta kewaya yanki guda kullum har ya san shi kamar tafin hannunsa: sabuwar hanya a cikin ciyawa, hayaƙin girki inda babu gida, duk ba sa kuɓuce masa.

In ya tabbatar da abin da ya gani, sai ya tuntuɓi kwamandan ƙasa ta rediyo ya ji inda nasu suke, ya harba rokar farin hayaƙi ya yi alama, sannan ya gaya wa jiragen yaƙi ta inda za su ɓullo. Ba mai sakin bam sai da izininsa. Bayan hari shi ne zai koma ya duba ɓarnar. Aiki ne na masu ƙarfin hali, domin jirgin ba shi da sulken kirki. Jirage samfurin O-2 mai inji biyu da OV-10 Bronco sun gaji O-1, amma makamai masu linzami da ake harbawa daga kafaɗa sun rage musu tasiri. Iraƙi ta kakkaɓo OV-10 biyu a 1991.

A yau

Yanzu kyamarori masu gani cikin duhu da hasken leza sun maye gurbin idon matuƙi da rokar hayaƙi, jirage marasa matuƙa kuma sun karɓe kaso mai yawa na aikin. Sojan saman Nijeriya, da aka kafa a 1964, ya karɓi jiragen A-29 Super Tucano guda 12 a 2021, waɗanda ke iya sa ido da kai hari, kuma yana horas da matuƙan jiragen yaƙi a Kano da jirage samfurin L-39.

Sai dai na'ura ba ta ɗauke wa mai ba da izini nauyin tantancewa ba, kuma mutanen Arewa sun ɗanɗana ɗacin kuskure a nan. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin soja ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi mara matuƙi ya afka wa masu Mauludi a Tudun Biri, Jihar Kaduna, aka rasa rayuka aƙalla 85.